Injin wanki mai busarwa: a garin da rana take kyauta, akwai ribar sayensa?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema don Allah. Bikin ƙanwata ya matso, kuma cikin kayan ɗaki ni aka ɗora wa sayen injin wanki. Jiya na shiga Sabon Gari, mai shago ya nuna min guda biyu masu ƙofa a gaba, girma ɗaya, kai ka ce tagwaye ne. Ɗaya wanki yake yi ya matse. Ɗayan wai in ya gama wankin da kansa zai busar, sai dai ki kwashe ki ninke. Kuɗin na biyun ya kusa ninka na farkon. Abban Ilham ya ce almubazzaranci ne, wai a garin da kafin ki shanya zani na ƙarshe na farko ya bushe, me za a yi da injin busarwa? Ni kuma raina ya biya, ba zan ɓoye ba. Wanda ya taɓa amfani da shi ya gaya min tsakani da Allah, yana busarwar kuwa ko daɗin bakin 'yan kasuwa ne?

Dan_Fagge:
Wa alaikumus salam. Hajiya, maigida ya fi ki gaskiya. Allah ya ba mu diraya tun fil azal, ga ta can a sama, ba ta cin kati ba ta neman mai gyara. Ki saya mata igiya, canjin ki ƙara a kuɗin firji.

Ummu_Khairat:
Ai ni nawa shekara huɗu kenan kuma yana busarwa sosai. Mai baki biyu ɗin nan ne, ki wanke a nan ki juye a can, minti biyar an gama. Kuma bai kai rabin kuɗin waɗannan ba.

Sabo_Mai_Gyara:
Hajiya Ummu Khairat ki yi haƙuri zan ɗan gyara miki, don a nan ake yawan rufe mutane a kasuwa. Naki ba busarwa yake yi ba, matsewa yake yi. Bakin nan na biyu juya kayan yake da gudu har ruwa ya fice ta ramukan gefe, kamar dai yadda kike murɗe zani, sai dai ya fi hannu ƙarfi. Da danshinsu suke fitowa, dole ki kai su igiya. Mutanenmu duka biyun diraya suke ce musu. In kin ga an rubuta Spin a jikin inji, matsewa ce. In kin ga Dry, wannan ce busarwar gaske: akwai hita da fanka a ciki, suna hura iska mai zafi ganga tana juyawa a hankali.

Hajiya mai tambaya, ki koma ki duba gaban injin, za ki ga lamba biyu, misali 8/5 ko 10/6. Ta farko kilon da yake iya wankewa ce, ta biyu kilon da yake iya busarwa. Wato in kin cika shi da wanki, sai kin tsaya kin rage kaya kafin ya busar, domin busarwa tana son fili, iska ta ratsa tsakanin kaya. Wanda ya ƙi ragewa zai buɗe ya tarar na waje sun bushe, na tsakiya sun dunƙule da lema. Kuma ba abin gaggawa ba ne, wanki da busarwa a jere yana cin awa huɗu zuwa shida.

Abin da ya fi ba mutane mamaki in na faɗa musu: da yawansu ruwa suke ja lokacin busarwa. Ruwan sanyi ne yake gangarowa ta wani bututu, tururin da ya fito daga kaya ya same shi ya koma ruwa ya bi magudana. To in 'yan garuwa ke kawo wa amarya ruwa, ki sa wannan a lissafi.

Ummu_Khairat:
Ikon Allah, shekara huɗu ina cika baki ashe mai matsi gare ni. Na gode Malam Sabo. Ai kuwa ina shanyawa bayan na cire, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Malamin_Kimiyya:
Bari in ƙara lissafi a kan bayanin Malam Sabo, don maganar wutar ce za ta raba gardama. Kafin lita ɗaya ta ruwa ta zama tururi tana bukatar kusan yunit 0.63 na wuta. Wannan ba laifin kamfani ba ne, haka Allah ya halicci ruwa. Kaya kilo biyar da aka matse da gudun juyi 1,200 a minti suna fitowa da ruwan da ya kai kusan rabin nauyinsu, a ce lita biyu da rabi. Ko ba a yi asarar zafi ko kaɗan ba, yunit ɗaya da rabi da ɗoriya kenan. A aikace mai hita yakan ci yunit uku zuwa huɗu. A watan Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit, busarwa ɗaya ta kama naira 675 zuwa 900, ban da wankin kansa. An ɗan rage farashin daga baya amma ba wani ragi ba ne.

Shi ya sa nake cewa wanda zai sayi inji ya fi kula da gudun matsewarsa. Fitar da ruwa da juyi ya fi fitar da shi da zafi arha nesa ba kusa ba. Mai gudun 1,400 in ya matse miki zanin gado a hunturu, kafin ki sauke tukunya ya bushe a igiya.

Dan_Fagge:
To kun ji. Kuma wannan in akwai wutar kenan. A ɗauke a awa ta uku fa? Ƙaramin janaretanmu da ko wat dubu bai kai ba, ki jona masa abu mai jan kusan dubu biyu, tari ɗaya zai yi ya mutu.

Hajiya_Tudun_Wada:
Dan Fagge da alama ba kai ke wanki a gidanku ba. Ku maza in ana maganar rana watan Maris kuke tunawa, kun manta da marka. Ni a Kaduna nake, na haifi tagwaye a watan Yuli. Agustan shekarar kwana huɗu cur ba mu ga ƙwayar rana ba. Na ɗaure igiya daga tagar falo zuwa ƙusar agogo, na baza kayan jarirai a kan kujeru, a kan ƙofa, har kan talabijin. Fanka tana ta juyi amma banza, don iskar kanta jiƙe take. Kwana biyu sai wani irin wari, mai wanki ya san shi, warin kayan da suka daɗe ba su bushe ba, ko turaren wuta kika yi musu sai dai ya hau kai. Masu zuwa barka na cewa su zauna, babu wurin zama. Surukata ce ta hura gawayi a kasko ta kifa kwando a kai muna ɗora rigunan ɗaya bayan ɗaya, kamar zamanin da.

Shekarar da ta zagayo na sayi mai busarwar da kuɗin adashina. Gaskiya wata tara a shekara ba na taɓa maɓallin. Amma wata ukun nan ya fanshi kuɗinsa a wurina. Sai kuma hunturu in ƙura ta yi yawa, farin kayan makarantar yara in na shanya a waje su dawo ruwan ƙasa, su kaɗai nake sa masa.

Nas_Binta:
Hajiya Tudun Wada Allah ya raya tagwaye. Maganar damina ta tuna min da abin da muke gani a asibiti. Akwai wani ƙuda, likitoci suna ce masa ƙudan tumbu, yana saka ƙwai a kan kaya masu danshi da aka shanya a inuwa ko a ƙasa, musamman masu ɗan saura na fitsari. Yaro ya sa rigar, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shige fata. Uwa za ta zaci maruru ne, sai ta lura akwai ɗan rami a tsakiya kuma abu yana motsi. Mukan toshe ramin da basilin, in ta rasa iska sai ta leƙo a cire ta. Zafi ne yake kashe ƙwan, ko na dutsen guga ko na diraya. Don haka wadda ba ta da injin, ta shanya a igiya cikin rana sosai, kuma ta goge kayan jariri ciki da bai, har 'yan kamfai da zanin goyo.

Maman_Ilham:
Innalillahi, tsigar jikina ta tashi. Anti Nas na gode, ni 'yan ƙananan kayan ba na gogewa wallahi.

Baba_Mai_Guga:
Salamu alaikum. Yarona ne yake rubuta min. Sana'ata wanki da guga tun ina saurayi. Ba don kar a raba ni da abincina nake magana ba, masu injin ma suna kawo min guga. Abin da nake gani shi ne kayan da suka kwana a cikin injin nan bayan ya busar suna zuwa a yamutse kamar an tauna, sun bushe ƙayau, sai na sake yayyafa musu ruwa kafin dutse ya kama su. To ina amfanin an kore ruwa da kuɗi ni kuma na dawo da shi? Sannan shadda. 'Yata, shadda ba a yi mata haka. A wanke ta da hannu cikin ruwan sanyi, a sa sitaci, a shanya a inuwa, a kai bugu. Sheƙin nan da aka saye ta dominsa in zafi da gurza suka cinye shi ba ya dawowa kamar da. Hula kuwa ko kusa.

Zee_Gwarimpa:
Baba ya faɗi gaskiya, ni ganau ce. Satin da aka kawo nawa zumuɗi ya sa na haɗa komai na zuba, har da abayar da aka kawo min tsaraba daga Saudiyya mai duwatsu a hannu. Da na buɗe sai na ji wani ƙaras-ƙaras a ƙasan ganga. Zafi ya narkar da gam ɗin, duwatsun duk sun zube, hannun abaya ya zama kamar kazar da aka fige. Rigar sanyin maigida kuwa ta tsuke, ƙaninsa ɗan aji uku yanzu yake sawa. Wata biyu bayan nan injin ya ƙi zubar da ruwa, mai gyara ya buɗe 'yar ƙofar ƙasa, ya tara min duwatsu cike da murfin kwalba.

Sabo_Mai_Gyara:
@Zee_Gwarimpa sannu. Ku riƙa duba 'yar takardar da ke wuyan riga ko gefenta. In kun ga murabba'i da da'ira a cikinsa, ana iya sa shi a diraya. Ɗigo ɗaya a cikin da'irar zafi kaɗan, biyu zafi sosai. In an soke alamar da gicciye, kar a sa. Sai dai kayanmu na tela ba su da takarda, to a nan hankali ne zai yi aiki.

Baba, ƙorafinka yana da magani. Yawancin injinan suna da wani zaɓi mai hoton dutsen guga, yana tsayawa tun kaya da ɗan danshi daidai guga. Mutane ne ba sa karanta littafin, da kwalin ake zubar da shi.

Bakon_Manchester:
Ina karanta ku ina dariya, wai ana gardama a kan rana. Mu nan a Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, wanda ya shanya a waje sai dai ya kwaso su sun fi da jiƙewa. Shekarata ta farko a kan hitar ɗaki nake bazawa, tagogi a rufe saboda sanyi. Duk ruwan da Malamin Kimiyya ya lissafa bango ne ya shanye shi, kusurwar ɗaki ta yi baƙi da fumfuna, ɗana ya kama tari. Tsofaffin gidajen nan suna da wata 'yar ma'ajiya da aka gina kewaye da tankin ruwan zafi, ɗumin tankin ne yake ƙarasa busar da tawul da zannuwan gado, amma sababbin gidaje da yawa babu tankin ma.

Yanzu wanda nake da shi ba mai hita ba ne, kwamfaresa gare shi irin na firji. Yana ɗumama iska, ta ɗebo danshi, ya sanyaya ta ruwan ya zuba a wani tanki, ya sake ɗumama iskar nan dai. Zafinsa kaɗan ne, wajen digiri 50, ba ya ƙona kaya, kuma wutar da yake ci kusan rabin ta mai hita ce. Aibinsa tsada da nawa.

Gargaɗi ɗaya: burbushin zaren da yake taruwa a matata, ku cire shi bayan kowace busarwa. Kamar auduga yake, wuta ɗaya yake jira. A 2016 gobara ta tashi a wani dogon bene a Shepherd's Bush da ke Landan, 'yan kwana-kwana suka gano daga diraya ta taso. Tun 2015 kamfanin Whirlpool ya sanar da matsala a wasu dirayoyin Hotpoint da Indesit da Creda, zare yana taɓa hita, har a 2019 gwamnati ta sa aka janye waɗanda ba a gyara ba. Ni ba na kunna nawa in kwanta, ba na kunnawa in fita.

Amaryar_Disamba:
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Tunda ana maganar abu biyu a ɗaya, wannan burushin da yake busar da gashi yana taje shi lokaci guda fa? Ina son sawa a lefe. Yana yi da irin gashinmu ko na masu santsin gashi ne kawai?

Anti_Mai_Saloon:
Amarya Allah ya sanya alheri. Kin zo gidan. Iri-iri ne. Akwai burushi mai hura iska irin na Revlon, handiraya ce aka saka a cikin mataji. Yana yi da gashinmu, amma da sharaɗi. Ba a ɗora shi a kan gashin da ke ɗigar ruwa. Ki tsane da tawul ko tsohuwar rigar auduga, ki warware shi da babban mataji tun da man laushi a kai, ki raba gida shida ko takwas, ki shafa man kariyar zafi, sannan ki bi gida-gida daga baki zuwa tushe. In kika cusa shi cikin gashi a cukurkuɗe, rabin kanki a jikin burushin za ki gani.

Akwai kuma Airwrap na Dyson da ya fito a 2018, mai nannaɗe gashi da iska kawai, zafinsa ba ya kai digiri 150. Kyau kam yana da kyau, amma kuɗinsa ya isa sayen injin wankin da ake ta gardama a kai, kuma ga mai gashin da ba a sa wa mai ba bakin matajin ne kawai zai yi mata aiki sosai.

Abin da nake roƙonku mata: sitirecha ta gama-gari, wato ƙarfen miƙar da gashi, ba ta busarwa ba ce. Ƙarfenta yana kai digiri 230. In kin matse jiƙaƙƙen gashi kika ji cuuu, hayaƙi ya tashi, ruwan da ke cikin silin gashin ne ya tafasa ya fasa shi daga ciki. Bayan sati biyu ki zo min kina cewa an yi miki baki. Babu mai baki sai ke.

Sannan in za a aiko miki daga Amurka ki ce a'a. Wutarsu bolt 120 ce, tamu 230. Kwastomata ta kawo sabo fil cikin kwali, ta jona kafin in ɗago kai, sai ƙauri.

Ummu_Khairat:
Anti ni matsalata kitso ne. In na yi wanka na ɗaura ɗankwali a kai, har yamma ƙasan bai bushe ba.

Anti_Mai_Saloon:
Shi ke kawo wari da ƙaiƙayi. Kitso ba ya son burushi, diraya mai hula yake so, wadda ake zama a ƙarƙashinta. Akwai ma hular yadi da ake ɗaurawa a bakin handiraya, minti ashirin da zafi kaɗan ya isa. In babu wuta ki zauna tsakar gida kai a buɗe kafin ki ɗaura.

Dan_Fagge:
Daga injin wanki an koma saloon. Allah ya kyauta. Admin yana ina?

Dalibi_a_Osaka:
Malam Dan Fagge bari in ƙara ɓata maka rai, in kai ku banɗaki. A nan Japan gidajen haya da yawa banɗakin wankan kansa diraya ne. Akwai na'ura a jikin silin, da sandar ƙarfe daga bango zuwa bango a saman bahon wanka. Ka rataye kaya a hanga, ka ja ƙofa, ka danna maɓalli a waje, iska mai ɗumi ta yi ta sauka tana fita ta bututu na wasu awanni. Tunda a rataye suke ba sa yamutsewa, Baba mai guga zai so wannan. Kuma banɗakin ma ya bushe, fumfuna ba ta samun wurin zama. Dalilinsu damina ce ta watan Yuni zuwa Yuli, da kuma garin furen itatuwa da yake tashi daga Fabrairu zuwa Afrilu yana sa mutane atishawa da hawaye, wanda ya shanya a baranda shi zai kwaso a jikin riga.

Ranar da na iso kuwa masai ne ya ba ni tsoro. Maɓallai a gefe, rubutu ban iya karantawa ba. Na danna ɗaya ruwan ɗumi ya fito, na danna na kusa da shi sai iska mai ɗumi. Kamfanin TOTO ya fara sayar da nasa mai suna Washlet tun 1980. Ga Musulmi abin ya zo daidai. Duk da haka butata tana nan a gefe, zuciya ba ta natsuwa.

Dan_Fagge:
Masai mai fanka! A ɗauke wuta kana tsaka fa? Buta ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Hadiza_Yamai:
Sannunku 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Yamai a watan Afrilu in kin shanya zane kin juya baya ya zama kilishi. Kuma tun da aka yanke mana kuran, wato wutar lantarki, daga wajenku a 2023 muka koyi darasi, duk abin da ke cin kuran da yawa ba mu sonshi. Amma akwai busarwar da ni take yi min amfani. Tukunyar suya da iska da diyata ta kawo min tana da wurin busar da abinci. Ina yanka tattasai da kuɓewa in jera, in sa zafi kaɗan, su kwana. Tsaf suke fitowa, babu ƙura babu ƙuda babu akuyar maƙwabta. Kaɗan take ɗauka dai, ba ta mai buhu ba ce.

Nas_Binta:
Hajiya Hadiza wannan dabara ce mai kyau. Shanyar abinci a ƙasa ko bakin titi tana cikin abin da ake hana mutane saboda zazzaɓin Lassa, ɓeraye suna bi ta kai su yi fitsari. Sai dai in nama ne, zafi kaɗan ba ya kashe ƙwayoyin cuta, a ƙarasa shi da gashi kamar yadda masu kilishi suke yi.

Yaya_Helsinki:
Ni wadda ta fi burge ni ko wuta ba ta ci. A Finlan kusan kowane kicin kabad ɗin da ke saman wurin wanke-wanke ba shi da ƙasa, ragar ƙarfe ce. Ki wanke kwano ki jera a ciki ki rufe, ruwan ya ɗiga cikin sink, ya bushe a inda zai zauna. Wata mata Maiju Gebhard ce ta yaɗa shi a tsakiyar shekarun 1940, don ta rage wa mata wahalar goge kwanuka. Kafinta da mai walda a Kano za su iya haɗa shi cikin kwana biyu. Injin wanke kwanuka kuwa kowa da dabararsa, Bosch suna sa wani ma'adini da yake shan danshi ya fitar da zafi, Miele ƙofar ce take ɗan buɗe kanta in an gama. Duk da haka robobi da lema suke fitowa, don roba ba ta riƙe zafi kamar tangaran.

Malamin_Kimiyya:
@Hajiya_Tudun_Wada na koma na karanta labarinki. Da kina da esi a falon a lokacin, da kin duba rimot, akwai alamar ɗigon ruwa. Wannan zaɓin danshin ɗaki yake tsotsewa ya zubar ta bututun waje. Ki rufe ƙofa da taga, ki haɗa da fanka tana kaɗa kayan, za su bushe ko ana marka. Mutane da yawa suna da shi ba su san aikinsa ba.

Hajiya_Tudun_Wada:
Malam, esi a lokacin? Fankar ma ta aure ce. Amma yanzu akwai, zan gwada bana in Allah ya kai mu.

Maman_Ilham:
Kai jama'a na gode ƙwarai, na ƙaru. Sai yanzu na ga ban faɗi wani abu ba. Amaryar ba a Kano za ta zauna ba, Fatakwal za a kai ta, a can mijin yake aiki. Gidan bene ne hawa na biyu, babu tsakar gida, 'yar baranda ce kawai.

Dan_Fagge:
Haba Hajiya! Ai da wannan za ki fara. Tun safe ina kare rana ashe ba garinmu za a kai yarinya ba.

Sani_Fatakwal:
Shekarata tara a nan. Ruwa yana farawa tun wajen Maris, ba ya sakin mu sai Nuwamba, kuma ko ba a ruwa iskar a jiƙe take. Takalmin fata in ka ajiye wata ɗaya sai ya yi fumfuna. Ga baƙin toka da ya addabi garin tun wajen 2016, ka shanya farar riga ka dawo ka tarar da ɗigo-ɗigo baƙi. Ni dai in ƙanwata ce zan saya mata mai busarwa ban yi shawara da kowa ba.

Zee_Gwarimpa:
Ni kuma da za a maimaita, mai wanki zalla zan saya mai ƙarfin matsewa, daga baya in ta ga da bukata ta sayi diraya daban. Biyu a ɗaya in ya lalace kin rasa duka biyun rana ɗaya. Kuma mutum biyu ne fa, wankin nasu nawa yake?

Hajiya_Tudun_Wada:
Mutum biyu bana, Zee. Baɗi fa?

Sabo_Mai_Gyara:
Kafin ki biya ki tambayi angon abu uku. Awa nawa suke samun wuta a jere, ba a jimla ba. Ruwan famfon benen yana da ƙarfi ko ɗiga yake. Da kuma ko akwai mai gyaran wannan samfurin a can, don allon kwamfutarsa in wuta mai rawa ta ƙona shi ba kowa ke da shi ba. Ki haɗa mata da sitabilaiza mai ƙarfi ko wanne kika ɗauka. Kuma ki sa a saya a can, kar a ɗoro shi a mota daga Kano, gangar tana jin jiki a hanya in ba a ɗaure ta da kusoshinta ba.

Maman_Ilham:
To Malam Sabo, zan sa Abban Ilham ya kira shi da daddare. Shi dai har yanzu yana kan bakansa, wai baranda ma ai rana tana shiga.

Baba_Mai_Guga:
Ko wanne aka saya a gaya wa amarya kar ta sa shaddar ango a ciki.

Fati_Sabuwa:
Salam, yanzu na shigo ban karanta duka ba. Nawa mai baki biyu ne kuma yana busarwa lafiya lau, me ya sa ba za ki sayi irinsa ba?

Ummu_Khairat:
'Yar uwa hau sama ki karanta na Malam Sabo. Ni ma da safe haka na ce.